A riƙa kawo mana labarin waƙoƙin Assuriyawa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah shafinku na al'adu ya leƙa wajen Assuriyawa mana, wata ƙabila ta Kiristoci marasa rinjaye a Iraƙi da Siriya, kullum in an ambaci Iraƙi da Siriya sai labarin yaƙi, alhali mutanen nan suna da kiɗa mai daɗin gaske kuma da yarensu na Suret suke waƙa, reshen tsohon harshen Aramaik. A bikinsu zurna ake busawa, kamar algaitarmu take, ga gangar dawola, maza da mata su riƙe hannu a layi suna rawar khigga, na gaba yana kaɗa hankici mai ƙararrawa. Mata suna rera lilyana a bikin aure, akwai kuma rawe, waƙar soyayya ta mutanen tsaunukan Hakkari na Turkiyya, waɗanda aka raba su da tsaunukan tun kisan kiyashin da aka yi wa Assuriyawa a 1915.

Abin da ke damuna, a 2014 ISIS ta sake korarsu daga Mosul da ƙauyukan Ninawa, yanzu dai mawaƙansu irin su Ashur Bet Sargis da Linda George a Amurka suke waƙa, to tsofaffin da suka iya rawe fa wa zai naɗi muryarsu? Ku yi mana rahoto a kai.

Mai karatunku daga Zariya