Sanarwa Kan Zaɓen Wakilanmu a Kwamitin Tuntuɓa

Assalamu alaikum, ƴan'uwa ma'aikata.

Hukumar kamfani ta amince a kafa kwamitin tuntuɓa tsakaninta da ma'aikata, don haka kowane sashe, daga masu saƙa da masu rini har zuwa makanikai, zai fitar da wakili ɗaya kafin taronmu na ranar Asabar bayan la'asar.

Maganar albashi tana hannun ƙungiyar ƙwadago. Abin da muke nema a wannan kwamiti shi ne a riƙa jin ta bakinmu kafin a sauya jadawalin aikin dare, ko a sayo sabon inji, ko a rage ma'aikata. Wanda yake tsaye gaban injin saƙa awa 8 shi ne farkon mai jin ƙararsa ta canza, kuma shi ya san cewa takunkumin da ake raba mana ba ya tare ƙurar auduga.

A Jamus doka ta tanadi, tun 1976, cewa kamfanin da ma'aikatansa suka haura 2,000 rabin kujerun majalisarsa ta sa ido na wakilan ma'aikata ne, ko da yake shugaban majalisar, wanda galibi daga ɓangaren masu hannun jari yake, shi ke raba gardama idan ƙuri'a ta yi kunnen doki. Namu bai kai haka ba, shawara kawai za mu bayar, shi ya sa nake ganin wajibi ne mu nace a riƙa rubuta duk abin da aka tattauna, a liƙa a allon sanarwa kowa ya karanta.

Don Allah a zaɓi mai gaskiya wanda ba ya jin nauyin magana gaban manaja. Matan sashen ɗinki ma su fitar da wakiliyarsu, a turo sunayen nan kafin Juma'a.