Kunne ko na'ura: gardamar masu saita fiyano

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba mu ɗan fili mu sa baki a gardamar masu saita fiyano, wadda ta zama kamar wasan Fulani da Barebari. Masu aiki da kunne suna ce wa masu na'ura kurame, su kuma suna ce musu ƴan bi-duhu. Ana dariya, amma mai fiyano a majami'a ko makaranta ya kamata ya san gaskiyar kowane ɓangare.

Fiyano na da maɓalli 88 da tsirkiyar ƙarfe kusan 230, jan da suke yi wa jikinta ya kai tan 18 ko fiye. Mai kunne yana farawa da ƙarfen nan mai baki biyu da John Shore ya ƙera a Ingila a 1711. Mai saitin ya buga shi, ya ɗauki muryar da ake kira La, wadda ke kaɗawa sau 440 a daƙiƙa. Da yake yawancin maɓallai tsirkiya uku-uku suke bugawa, sai ya cusa ƙyalle ya rufe bakin tsirkiyoyin gefe, ya bar ta tsakiya, ya riƙa buga murya biyu tare yana ƙirga rawar da ke tsakaninsu. Fa da La na tsakiya, misali, rawa bakwai-bakwai suke yi a daƙiƙa.

Na'ura ma ba baƙuwa ba ce, tun 1936 kamfanin Conn na Amurka ya fitar da na'urar saita murya mai suna Stroboconn. Yau ga manhajojin TuneLab da Verituner a wayar hannu. Inda ake yin ɓarna shi ne ɗaukar manhajar saita gita a nufi fiyano da ita. Tsirkiyar fiyano tana da tauri, ƙananan muryoyin da ke tashi tare da babbar suna ɗan zarce lissafi. Dole a ɗan ɗaga muryoyin maɓallan sama, a ɗan sauke na ƙasa. Manhajar gita ba ta san wannan ba, sai allo ya nuna daidai, kunne kuwa ya ji tsami. Manhajar kirki tana fara auna wasu tsirkiyoyin fiyanon kafin ta yi lissafi.

A ganinmu na'ura ta fi kunne wajen tada fiyanon da muryarta ta faɗi sosai, domin tana lissafa yawan zarcewar da za a yi, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na faɗuwar. Zagaye biyu ake yi, in aka ja da ƙarfi lokaci guda tsirkiya mai tsatsa sai ta tsinke. Amma haɗa tsirkiya uku su zama murya ɗaya, kunne ya fi gwaninta. Zaunar da ƙusar da aka naɗe tsirkiya a kanta kuma aikin hannu ne: a ɗan wuce da sifana, a dawo a hankali, a doki maɓallin da ƙarfi. In ba haka ba, ƙusar ta murɗe a ciki, kafin Lahadi saitin ya zame.

Mu a Maradi, yanayi ne ke kayar da su duka. A Agusta allon katakon da ke cikin fiyano ya sha laima ya kumbura, muryoyin tsakiya su hau. Hunturu ya zo ya busar da shi, su faɗi, ƙusoshi su yi sako-sako. Ƙusar da ta saki sai a sauya ta da mai kauri, saiti ba ya riƙe ta. A jira mako uku ko huɗu bayan sauyin yanayi kafin a kira mai gyara, a kuma janye fiyano daga taga da bangon da rana ke duka.

Daga wasu masu gyaran kayan kiɗa,
Maradi.