Wasiƙa daga Beirut game da ƙauyen Ghajar

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, na samu wasiƙarka, na kuma ga tambayar da ka yi mini game da ƙauyen da na ambata maka a waya, wanda na ce rabinsa yana wata ƙasa, rabinsa yana wata. Sunansa Ghajar, yana kan iyakar Labanan da Tuddan Golan da ke hannun Isra'ila, kuma na gan shi da idona, ko da yake daga nesa ne, domin babu hanyar shiga cikinsa daga ɓangaren Labanan.

Wani abokin karatuna ne ya kai ni kudancin Labanan kafin yaƙin da ya ɓarke a watan Oktoban 2023, bayan na karɓi takardar izinin sojoji da ake buƙata daga kowane baƙo mai zuwa yankin. Muka tsaya a kusa da ƙauyen Wazzani, inda kogin Hasbani yake gangarawa, muka hangi gidaje masu fenti kala-kala a kan tudu, shinge ya zagaye su. Abokin nawa ya nuna gidajen da ke kusa da mu, ya ce ƙasar da suke kai ta Labanan ce, amma ko shi ba zai iya taka ta ba.

Asalin rikicin ya samo tushe ne tun zamanin da Faransa take mulkin Siriya da Labanan a tare, lokacin da ba ta damu ta shata iyaka sosai a wannan lungu ba. Mutanen Ghajar Alawiyawa ne, wato mabiya wata aƙida da ta samo asali daga Shi'a, kuma a ƙarƙashin Siriya suke har zuwa watan Yunin 1967, sa'ad da Isra'ila ta mamaye Tuddan Golan. Sauran ƙauyukan Alawiyawa biyu na yankin, Za'ura da Ain Fit, sun watse a lokacin, Ghajar kaɗai ya tsira da mutanensa, waɗanda ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Ana ba da labarin cewa sun yi makonni babu hukumar da ta ce nata ne, saboda Isra'ila ta ɗauka ƙauyen Labanan ne, ita kuwa Labanan ta ƙi karɓarsu, har daga bisani suka shiga ƙarƙashin Isra'ila. Da Isra'ila ta shimfiɗa dokokinta a kan Golan a 1981, sai suka karɓi takardar zama 'yan ƙasarta, alhali yawancin Duruzawa, wato mabiya addinin Druze da ke garin Majdal Shams na Golan da maƙwabtansa, sun ƙi.

A nan ne yawan jama'a ya shigo cikin maganar. Daga 1978, da sojojin Isra'ila suka shiga kudancin Labanan, babu wani shinge a arewacin ƙauyen, don haka duk wanda ya yi aure ya rasa fili sai ya gina gidansa ta can. Da Isra'ila ta janye a shekarar 2000, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ja layin nan da ake kira Shuɗin Layi don tabbatar da janyewar, sai ga shi ya ratsa tsakiyar gari, ya bar uba a kudu, ɗansa a arewa. A yau mazauna sun haura 2,500, mafi yawansu kuma a ɓangaren arewa suke, wato a ƙasar da taswira ta ba Labanan.

A yaƙin da ta yi da ƙungiyar Hizbullah ta Labanan a 2006, Isra'ila ta sake kama arewacin ƙauyen, kuma duk da ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 1701 da ya nemi ta janye daga Labanan, da amincewar da gwamnatinta ta yi a 2010 cewa za ta janye, har yanzu tana nan. Shekara da shekaru ƙauyen ya zauna a rufe, da shingen bincike a bakinsa, ta yadda wanda firijinsa ya lalace yakan ɗauko shi zuwa ƙofar gari don mai gyara ba ya samun shiga. Sai a 2022, bayan an kewaye arewacin da katanga, aka buɗe shi ga baƙi, abin da Labanan ta ɗauka ƙwace ne a fili.

A ganina, masu gardamar nan sun fi kallon taswira fiye da sauraron mutanen garin. Su dai mutanen garin, abin da suke maimaitawa shi ne su 'yan Siriya ne da aka mamaye, ba su taɓa zama 'yan Labanan ba, kuma ba za su yarda a raba su gida biyu ba. Abokina bai ji daɗi ba da na faɗa masa haka a mota, muka yi ta musu har muka iso garin Marjayun.

Ka gaishe mini da Inna, ka ce mata kayan yajin da ta aiko sun iso. Ka kuma rubuto mini yadda daminar bana ta kasance a wajenku.

Wassalam,
Naka amini