Amanar da Mahaifina Ya Riƙe Tun Yaƙin Basasa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya gafarta Malam, bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne game da mahaifina, tsohon soja da shekarunsa suka doshi tamanin, domin al'amarinsa ya fi ƙarfin sanina.

Baba ya shiga soja a nan Kano a 1967, lokacin da ake ɗibar samari cikin gaggawa bayan ɓarkewar yaƙin basasa a watan Yuli. Horon 'yan makonni aka ba su, aka tura su runduna ta biyu, wadda marigayi Murtala Muhammad yake jagoranta. Yana cikin waɗanda suka yi yunƙurin ƙetare kogin Kwara daga Asaba zuwa Anacha a watan Oktoba, bayan an karya gada, inda aka yi asarar rayuka masu yawa a cikin ruwa. Wannan yakan ba da labarinsa ba tare da muryarsa ta sauya ba. Abin da ya ɓoye mana har sai bana shi ne na Abagana.

A ranar 31 ga Maris 1968, sojojin Biyafara suka yi wa jerin gwanon motocinsu kwanton ɓauna a garin Abagana, a kan hanyar Inugu zuwa Anacha, suka sami tankar mai, wuta ta bi motocin ɗaya bayan ɗaya, harsasan da aka ɗauko suna ta fashewa da kansu. Baba ya faɗa daji tare da wani abokin aikinsa da aka harba a cinya. Ya ce sun wuni ana bin sawunsu cikin itatuwan kwakwar manja da gonakin rogo, yana goye da mutumin, suna jin masu binsu suna kiran juna da harshen da ba sa ji, wani lokaci kusa ƙwarai har sai ya toshe wa abokin baki da hannu don kada nishinsa ya tona musu asiri. Kafin asuba mutumin ya cika a bakin wani rafi, bayan ya damƙa masa agogo da takardun kuɗi fam goma sha biyar, ya ce a kai wa mahaifiyarsa. Baba ya lulluɓe shi da ganyaye ya wuce, ba wanka, ba salla.

Laƙabi kawai ya san shi da shi, sai kuma cewa ƙauyensu yana ƙasar Katagum. Da aka gama yaƙi a Janairun 1970 ya je cigiya, bai dace ba, kuma har yau kayan suna cikin adakarsa a naɗe da ƙyalle.

Tun da ya buɗe mana maganar nan barci ya ƙaurace masa. Yakan farka cikin dare yana cewa a yi shiru ga su nan tafe, warin fetur kuma yana sa jikinsa rawa. 'Yan uwana sun rabu biyu, wasu suna cewa a yi masa ruƙiyya, wasu a kai shi asibitin Dawanau, shi kuwa ya ce ba mahaukaci ba ne. A ganina amanar ce take cin sa fiye da tsoron, amma ni ba malami ba ne, ba kuma likita ba.

Saboda haka nake tambaya, shin ya halatta mu yi sadaka da kayan da niyyar ladan ya isa ga mamacin da mahaifiyarsa, ko wajibi ne mu ci gaba da neman magada ta hanyar ƙungiyar tsofaffin sojoji da masu unguwannin yankin? Idan sadakar ce, nawa za mu fitar? An daina karɓar fam tun da naira ta zo a 1973, a kan naira biyu kowane fam, kuma naira talatin a yau ba za ta sayi ko burodi ba, alhali a wancan zamani kuɗi ne da tsohuwa za ta daɗe tana cin moriyarsu. Sannan akwai wani abu a kansa game da gawar da bai sallata ba?

Ina roƙon Malam ya sassauta lafazi wajen amsawa, domin Baba ba ya barin shirin Malam na amsa tambayoyi ya wuce shi, kuma zai gane da shi ake.

Wassalam.

Ɗanka mai sauraro,
daga Kurna, Kano.