Gardama kan sauya wa yaren kwamfuta suna

Assalamu alaikum Edita, dan Allah a ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini. Kwana biyu ke nan muna tafka musu da abokan aikina masu rubuta manhaja, su dai a wajensu sauya wa yaren kwamfuta suna aikin banza ne, wai in kaya na da kyau ko me aka kira shi zai sayu, ni kuma na ce sam, suna linzami ne, kuma hujjata yaren Perl.

Wani Ba'amurke Larry Wall ne ya ƙirƙiro Perl a 1987, Perl 5 ya fito a 1994, lokacin da intanet ke tasowa da shi ake ɗinka abubuwa da yawa da ke bayan shafuka. To a shekarar 2000 sai aka yi shelar za a kawo Perl 6. Aka zauna jira, shiru shiru kamar an shuka dusa, sai Kirsimetin 2015 sannan ya fito, shekara 15 fa! Da ya fito ɗin ma ashe ba magajin Perl 5 ba ne, wani yare ne daban da nasa tsarin, abin da ka rubuta a 5 ba za ka ɗauko shi haka nan ka zuba a 6 ya tashi ba.

Nan ne sunan ya cuci kowa. Mai kamfani in ya ga 5 ga kuma 6 ai cewa zai yi 5 tsohon yayi ne, me zai sa ya zuba kuɗinsa a ciki, alhali ana nan ana ta gyara Perl 5 ana fitar da 5.28, 5.30, ba damar su ce 6 saboda an riga an kama lambar. Shi kuma 6 ya gaji baƙin jinin da ake yi wa Perl na cewa rubutunsa sai wanda ya rubuta, wani lokacin ma shi ɗin bayan wata guda ba ya ganewa. Ni kaina sai da na ɓata kusan sati ina bin darasin 6 alhali tsohon aikin da aka ba ni in gyara na 5 ne, data ta ƙare a banza wallahi. Ana cikin wannan ruɗani wani yaren mai suna Python yana ta kwashe masu koyo.

A Agustan 2019 Elizabeth Mattijsen, ɗaya daga cikin manyan masu aikin, ta fito ta ce a sauya sunan kawai, sunan da ta fara kawowa shi ne Camelia, sunan malam buɗe littafin da ke tambarinsu, aka sha cacar baki sosai, a Oktoba Larry Wall ya amince aka koma Raku, wanda dama ya yi kama da Rakudo, manhajar da ke tafiyar da yaren. Masu adawa ba shirme suka faɗa ba, ga littattafai an buga da Perl 6 a bango, ga fayil-fayil masu ƙarewa da .p6 sai an koma .raku, ga shekara 19 na suna da za a zubar.

Na Coq kuwa, wata manhajar tabbatar da hujjojin lissafi da aka mayar Rocq a 2025, gaskiya raina bai so ba da farko, Faransawa sun sa wa abinsu zakara, wato Coq a yarensu, har da alaƙa da sunan Thierry Coquand, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro ta, sai don kalmar ta yi kama da batsa a Turanci a ce a sauya? Amma da na tuna malama ce za ta tsaya gaban ɗalibai a Amurka tana maimaita sunan ana ƙus-ƙus, sai na yi shiru.

Abokan nawa sun ƙure ni da tambayar wai to Raku ɗin ya yi kasuwa bayan an raɗa masa sabon suna? Bai yi ba, na yarda. Amma ragon sunan nan tun 2015 ya kamata a yanka shi, ranar da kowa ya ga cewa yaron ba Perl ba ne, ba sai da aka ƙara shekara 4 ana kame-kame ba.

Naku,
Wani mai rubuta manhaja, daga Zariya