A Bar Wa Yaron Nan Fangalinsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu, in faɗi wani abu da ya tsaya mini a rai tun makon jiya, ko da yake magana ce ta cikin unguwa.

Mu gida 30 ne a unguwarmu nan Argungu muka haɗa kai muka kama fili a bakin fadama muna lambu da rani. Bana shekara ta huɗu ke nan. Karo-karo muka yi muka sayi injin ban ruwa da tiyo, aka yanka fangula, kowane gida da nasa. Maza albasa da tumatir da attarugu suka fi sawa, mata kuwa alayyafo da yakuwa da rama, saboda tukunyar miya. Ranar dashe gayya ake yi, babu mai tambayar a fangalin wa ya duƙa.

To, ran Talata aka wayi gari babu tiyo. Bincike ya kai ga wani yaro ɗan shekara 19, maraya, wanda na koyar a aji huɗu kafin in yi ritaya. Ya sayar, kuma duk mun san abin da ya saya da kuɗin, ƙwayar nan ce da ke cinye mana matasa. Tun ranar ba ya kwana gida. Kwamiti ya zauna, mafi yawa suka ce a ƙwace fangalin gidansu a ba wani, kada ƙafarsa ta ƙara taka lambun. Ban ga laifin fushinsu ba. Ni ma tumatirina kwana uku bai sha ruwa ba, furen ya zube. Amma hukuncin ne ban yarda da shi ba.

Malam Edita, ka yi mini haƙuri in ɗan yi nisa. Akwai wata gasa da jikana ya nuna mini a waya, tun daga nan nake bibiyar labarinta. A Alaska ake yin ta, can ƙuryar arewacin Amurka, sunanta Iditarod. Karnuka ake jerawa biyu-biyu a jikin igiya, su ja wani abin hawa marar taya mai sulɓi a kan dusar ƙanƙara, mutum ɗaya na tsaye a baya. Tun 1973 ake yin ta a watan Maris, daga Anchorage zuwa garin Nome, kimanin kilomita 1,600, wato ya fi daga nan zuwa Maiduguri. Idan kare ya gaji ko ya ji ciwo a hanya, mai shi ɗaukarsa yake yi ya sa a cikin abin hawan, sauran su ja shi har zango na gaba inda likitocin dabbobi suke. A Nome kuma akwai fitilar da ake kunnawa a rataye a wurin ƙarewa. Na ɗaya zai iso cikin kwana takwas ko tara, a yi biki, amma ba a kashe fitilar sai na ƙarshe ya shigo, ko da bayan kwanaki ne. Shi ma ana ba shi kyauta, wata jar fitila.

A garin nan na Nome cutar mashaƙo ta ɓarke a 1925, irin wadda ta ɗauke mana yara a Arewa a 2023. Teku ya daskare, babu jirgi. Mutum 20 da karnuka kusan 150 suka yi ta miƙa wa juna maganin, suka ci kilomita 1,085 cikin kwana biyar da rabi. Karen da ya yi tafiya mafi tsawo kuma mafi haɗari sunansa Togo. Yana ƙarami ba shi da ƙoshin lafiya, ga fitina, har ubangidansa Leonhard Seppala ya gaji ya bayar da shi kyauta. Ya fasa gilashin taga ya gudo gida. Da ya dawo, Seppala bai sake korarsa ba.

Kada wani ya ce na kwatanta ɗan Musulmi da kare, Allah ya kiyaye. Halin masu karnukan nake nunawa. Mu kuma muna da abin da ya fi wannan: hadisi ya tabbata cewa Allah ya gafarta wa wani mutum don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ba a ce sai da ya binciki halin karen ba. Ina ga maraya da muka ga tashinsa?

Ban ce a yafe tiyo ba. Ya biya, ko da kuɗi ko da aikin ban ruwa har kuɗin su fita. Abin da na ƙi shi ne a ce zamansa a cikinmu ya rataya a kan shiryuwarsa. Iyayenmu sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. In muka rufe masa lambu, wurin da ya rage mai karɓarsa ba tambaya shi ne wurin masu sayar masa da ƙwayar, kuma a yankinmu kowa ya san akwai waɗanda suka fi su muni da ke jiran irin waɗannan yara a daji. Ga kuma mahaifiyarsa, wadda alayyafon fangalin nan take sayarwa ta sayi sabulu. Ita me ta sata?

Ranar Juma'a bayan la'asar kwamiti zai sake zama, kuma zan maimaita wannan a gabansu. Kafin nan ni nake shayar da fangalin da asuba, da bokiti, bayan na gama da nawa. Na aika wa yaron ta bakin abokinsa cewa albasarsa ta fara yin kai, ya zo ya gani.

Naka,
Tsohon malamin firamare,
Argungu, Jihar Kebbi.