Mamacin da muka tsaya tambayar yarensa a Aboabo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu in amayar da abin da ya tsaya mini a rai tun watan jiya.

Ni tela ne a Aboabo, cikin Kumasi ta ƙasar Ghana, na haura shekara sittin. Akwai wani dattijo mai turin kaya a kasuwar Kejetia da ke haya a bayan shagona. Shekara bakwai muna sallar asuba sahu ɗaya. Ran nan aka wayi gari Allah ya karɓi abinsa, ba shi da kowa a garin nan. Likkafani ni na yanka na ɗinka, saura kuɗin mota zuwa maƙabartar Tafo da na masu haƙa. Ƙofar farko da na buga, aka ce: "Baba, wane yare ne?" Na ce ban taɓa tambayarsa ba, da Hausa muke gaisawa. Aka ce in Busanga ne suna da ƙungiyarsu, in Bazabarme ne a kai maganar gaban sarkinsu. Wani yaro da na haifi kamarsa ya so ya ji inda marigayin ke Juma'a, wajen 'yan Tijjaniyya ko wajen Ahlussunna. Mutumin da ya cika kafin fitowar rana, sai bayan la'asar muka kai shi makwancinsa. Har yau kunyarsa nake ji.

Ba haka muka taras da Zango, wato unguwannin baƙi irin tamu, ba. Fatauci ne ya haife shi, musamman na goro. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 fatake suka watsu, wasu Kete-Krachi, wasu Kumasi, wasu har Accra. Bahaushe da Bawangare da ɗan Mosi da Kotokoli da Bafillace suka sauke kaya waje guda, Hausa ta zama harshen ciniki da na aure da na suna. In aka ce "ɗan Zango ne", an gama bayani, an san za a ba shi ruwa, a ba shi tabarma, in ya mutu a wanke shi.

Mahaifina Bagwanje ne, mahaifiyata Bahaushiya. A ƙarshen 1969, da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Ghana, ina yaro na ga maƙwabcinmu Bayarabe ya ɗauko keken ɗinkinsa a ka ya dire a zaurenmu. Ya ce wa mahaifina, "Ɗan'uwa, ga amana." Bai dawo ba. Shekara da shekaru mahaifina na tara masa kuɗin hayar keken a gwangwani, ko Allah zai sa a ji labarinsa. A kan keken nan na koyi sana'ar da nake ci yau.

Kada a ce ina sukar sarakunan ƙabilu. Tun zamanin Turawa suke, kuma sun sha sauke baƙo su nema masa ɗaki da aikin yi. Abin da ke damuna shi ne yadda kalmar "namu" ta tsuke. Da, duk wanda ke bayan katangarka namu ne. Yanzu sai mai katin ƙungiya, mai biyan kuɗin wata. Haka "maƙwabci", haka "haƙƙi": baki ɗaya muke furta su, amma kowa da abin da yake nufi. 'Yan siyasa kuwa sun gane lagonmu. Tun da aka kafa asusun raya Zango a 2017 na zaci za mu je da murya ɗaya, sai ga shi kwatar da ke cika mana gidaje da ruwa duk damina guda ce, amma mu kan tafi da wasiƙa biyar, kowace da hatimin ƙabilarta. A ba wannan kujerun roba, a ba wancan buhun shinkafa, kwata tana nan.

A 2019 Babban Limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, yana cika shekara 100 ya taka har cocin Katolika na Christ the King a Accra ya zauna da Kiristoci ranar Ista. Mu kuma mun bar gawar musulmi a ɗaki muna neman sarkinta.

Ina roƙon limamanmu na Aboabo da Asawase da Sabon Zango, kowane masallacin unguwa ya ajiye asusun jana'iza guda, wanda ba a rubuta ƙabila ko ɗariƙa a littafinsa. Ni dai na sayi farin yadi na mutum uku na ajiye a shago. Wanda ya rasa, ya zo ko da tsakar dare ne, zan buɗe.

Wassalam,
Wani tela daga Aboabo, Kumasi